Sitiyarin da ke Ƙarƙashin Tanki

A garinmu ba a lissafin shekaru da sunan shugabanni ko da yunwa ko da ambaliya. Da tanki ake yi. In ka tambayi tsohuwa yaushe ta yi aure, sai ta ce maka kafin tanki ne. In ka tambayi tela yaushe ya buɗe shago, sai ya ce bayan tanki da kaɗan. Ni kaina 'yar bayan tanki ce, yayana kuwa ɗan kafin tanki, kuma har gobe yana taƙama da wannan kamar wani digiri.

Asalin garin rijiya ce guda da gidaje 'yan ƙalilan a bakin hanya. Da hanyar ta samu kwalta aka gina ofishin ƙaramar hukuma, ɗakuna biyu da baranda. Sai makaranta, sai ɗakin shan magani wanda daga baya ya zama asibiti. Tanki ne ya zo ƙarshe, aka kafa shi a kan tudun bayan ofis bisa dogayen ƙafafun ƙarfe, kuma mahaifina aka ɗauka ya riƙa buɗe wa gari ruwa. A ƙarƙashin tankin akwai bawul mai hannu kamar sitiyarin mota, don haka kowa sitiyari yake ce masa. Da safe Baba ya murɗa shi ruwa ya sauka, da yamma ya rufe don tanki ya sake cika. Shi ke nan aikin, amma yadda yake yin sa sai ka rantse jirgin sama yake tuƙawa. Zai goge ƙarfen da tsumma, ya ɗiga masa mai, ya murɗa a hankali, sannan ya dafa bututu da tafin hannu har sai ya ji ruwa na gudu a ciki.

Ni ma ma'aikaciyar ofishin ce, duba-gari, wato wadda ba a murna da ganinta a ƙofar gida. Ina leƙa kwata, ina buɗe randa, ina faɗa da mahauta. An ce ina da baki, ban musa ba. Wanda ya ga abin da nake gani a bayan gidajen mutane ba zai zama mai sanyin magana ba.

Baba ya yi ritaya, aka ba Dogo aikin. Dogo yaronsa ne tun yana saurayi, yanzu kuwa har furfura ta fito masa, amma bai taɓa kiran Baba da wani suna ba sai Maigida. A shekarun nan aka ja sabon layi, aka sa wani ƙaramin bawul a cikin ɗakin inji, aka yanke tsohon sitiyari daga bututu aka bar shi tsaye kamar kututture. Baba bai damu ba a lokacin. Yana kiwon kajinsa, yana faɗa da rediyo.

Bayan rasuwar Inna ne mantuwa ta fara shigarsa. Da fari makulli da tabarau, daga baya sunayen jikoki, daga baya hanyar gida. Wata safiya na tashi ba ya ɗaki. Na zaga gari hankalina a tashe, sai na same shi a ƙarƙashin tanki da tsumma a kafaɗa, yana murɗa mataccen sitiyari. Na buɗe baki zan yi magana sai na hango Dogo ta tagar ɗakin inji yana yi mini alama da hannu in yi shiru. Baba ya gama murɗawa, Dogo ya sunkuya ya buɗe nasa, ruwa ya kwararo. Baba ya dafa bututu, ya yi murmushi, ya juyo ya kira ni da sunana. An daɗe rabon da ya kira ni da shi.

Na tare Dogo bayan na mai da Baba gida.

“Wasa za ka mai da ubana?”

“Wane ni,” in ji shi. “Ai ya fi mako yana zuwa, ke ce ba ki da labari. Ya za a yi in ce wa Maigida ƙarfensa ya mutu? Ke je ki faɗa masa, tunda ke ce mai baki.”

Ban faɗa masa ba. Haka abin ya zauna, kuma kafin a ce me gari duka ya shiga ciki. Mai shayin bakin ofis yakan ce, “Baba, an buɗe?” Baba ya ce, “An buɗe.” Mata a famfon layi sukan ɗaga murya su yi masa sannu da aiki. Ciyaman kansa in ya sauko daga mota sai ya tsaya ya tambaye shi lafiyar tanki, Baba ya ba shi rahoto tiryan-tiryan, har da ƙorafin cewa ba a kawo mai a kan lokaci. Yara ma an ja musu kunne. Garin da ba a iya ɓoye cikin wata biyu a cikinsa, shi ne ya riƙe wannan magana shekara da shekaru ba wanda ya yi suɓutar baki. Ina faɗa da mutanen nan kullum a kan shara, amma a kan wannan ina son su har raina.

Likitarmu ta ce mini kada in raina abin. Ta ce wannan tafiya ta safe ita ce igiyar da ta rage tana riƙe da shi. Ni ma na gani. In ya dawo daga tanki yakan ci abinci, ya yi hira, ya san ni. Zuwa la'asar sai ya fara tambayata ina Inna ta tafi.

Yaya ne kawai bai yarda ba. Yana babban birni, a gida mai get da maigadi, kuma ya ware wa Baba ɗaki har da bayi a ciki. Duk wayar da za mu yi sai ya ce, “Tsoho mai mantuwa yana hawa tudu shi kaɗai, ku kuna tafa masa. Ranar da wani abu ya faru zan zo in ɗauke shi, ba zan yi shawara da ke ba.” Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, irin na ɗan da yake nesa. Amma na san in aka rufe Baba a wancan ɗakin, ko wata ba zai yi ba zai manta har yadda ake tauna.

Ana nan sai aka samu kuɗin gyaran bututun gari, aka turo ma'aikata daga wani wuri da injiniyarsu, wata matashiya mai natsuwa da hular kwano. Rashin sa'a, a makon ne aka kwantar da Dogo aka yi masa aikin ƙaba, ɗan'uwansa ya riƙe masa aikin ɗakin inji. Taswirar da ke ofis kuwa tun ta zamanin kafa tanki ce, ba wanda ya taɓa zana sabon layi a kanta. Injiniya ta ga bawul biyu. Ɗaya a lungun ɗakin inji, ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a gefensa. Ɗaya a fili, yana ƙyalli, an shafe shi da mai. Ta yi abin da mai hankali zai yi, ta tambayi mutanen gari wanne ne babban.

To, Baba yana wurin. Tunda aka fara haƙa bai bar gindin tanki ba, yana tsaye da hannu a baya yana duba aiki. Mai shayi ya dubi Baba, ya dubi Injiniya, ya ce sitiyari ne mana. Tela ya ce tun da ya buɗe shago da shi ake buɗewa. Hedimasta ya ƙara da tarihi. Kansilan unguwa ya dafa ƙarfen ya ce wannan shi ne zuciyar gari. Kowa ya koma gida yana jin ya yi abin kirki, kowa kuma yana zaton wani zai ja ta gefe ya faɗa mata gaskiya. Ma'aikata suka haɗa sabon babban bututu da sitiyarin Baba, suka cire na ɗakin inji suka jefa a tarin tsoffin ƙarafa, suka binne rami, suka shafe da siminti.

Ranar da Dogo ya dawo aiki, ya same ni a kasuwa ina rigima da mai kifi. Yana tafe yana dafe da ciki, fuskarsa kamar wanda ya ga fatalwa.

“Ƙanwata, zo ki ji. Na sunkuya zan buɗe, ba bawul. Bututu ne sumul. Ina cikin lalube sai na ji ruwa ya wuce ta ƙarƙashin hannuna.”

“To wa ya buɗe?”

“Maigida.”

Na zauna a kan benci na yi dariya har hawaye, mai kifi ya samu ya tsere da tirensa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa jin inda ƙarya ta yi ta tafiya har ta zama gaskiya da siminti a kanta ba.

Dariyar ba ta daɗe ba. Agogon da ke kan Baba ba irin namu ba ne. Wata rana hadari ya rufe rana da hantsi, ya ɗauka yamma ta yi, ya je ya rufe ruwa mata na tsakiyar wanki. Wata rana ya buɗe da yamma bayan an rufe, tanki ya tsiyaye, gari ya wayi gari ba ɗigo. Dogo yana bin sa a baya yana gyarawa, amma mutum ɗaya ne, ga inji ga ɗinki a ciki. Wadda ta fi muni ita ce ranar da ruwa ya ɗauke a asibiti ana tsakiyar karɓar haihuwa, sai da aka yi ta gudu da bokitai daga gidajen maƙwabta. An sauka lafiya, uwa da ɗa. Amma labari ya kai birni kafin jaririn ya yi kukan biyu, Yaya ya kira ya ce in haɗa kayan Baba, yana zuwa ƙarshen wata.

Ciyaman ya kira taro a barandar ofis, don ɗakin taronmu ba ya ɗaukar fiye da kansiloli da fanka. Injiniya ta dawo, kunya ta ishe ta, ko da yake ba ita ce ta yi abin kunya ba. Ta ce sake haƙawa zai tsayar da ruwa kwanaki masu yawa. Mafi sauƙi a kewaye gindin tanki da waya, a sa ƙofa da kwaɗo, a ba Dogo makulli.

Na miƙe ban nemi izini ba. Na ce su da suka yi ƙaryar su ne za su kulle ubana a waje kamar akuya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, mai shayi, tela, hedimasta, na faɗa wa kowa abin da ya ce, har da abin da ke bayan gidansa. Ciyaman ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya ce, “Duba-gari, zauna. Asibiti ba ta yi magana ba.”

Ungozoma ta tashi. Babbar mace ce, ba ta son dogon zance, kuma ita ce ta sha wahalar ranar nan. Na san in ta ce a sa kwaɗo ba mai musa mata.

“Ni dai a saya mana manyan durom biyu,” in ji ta. “Tun kafin wannan rikici nake roƙo, ba a ji ba. In da durom, ko Baba ya rufe ko inji ya mutu, ba ruwana. Amma kwaɗo ban yarda ba. Lokacin da na zo garin nan ina yarinya, in haihuwa ta zo ba a lokacin ruwa ba, mutumin nan ake bugawa ƙofa. Bai taɓa cewa a jira gobe ba. Rabin waɗanda ke zaune a nan da ruwan da ya buɗe na wanke su, har da mai girma Ciyaman, kuma shi ya fi kowa cin ruwa don da ƙiba aka haife shi.”

Aka yi dariya, Ciyaman ya gyara hula. Sai Dogo ya ɗaga hannu daga inda yake jingine. Ya ce a da can, in Baba ya buɗe ruwa, yakan kwance sitiyarin daga kan bawul ya kai ofis ya rataye, don kada yara su yi wasa da shi. Noti ɗaya ne. In aka koma haka, ba mai iya taɓa ruwa sai an ɗauko ƙarfen, kuma ba za a ɗauko ba sai shi da Maigida tare, safe da yamma.

“Wato ka koma yaronsa,” in ji Ciyaman.

“Dama ban taɓa tashi daga yaronsa ba, ranka ya daɗe.”

Aka tsaya a kan haka. Aka buga ƙusa a bangon baranda, kusa da allon sanarwa. Kullum da safe Dogo ya biyo gida ya yi sallama ya ce Maigida lokaci ya yi, su tafi ofis, Baba ya sauke sitiyari da kansa, Dogo ya ɗauka masa har tudu. Baba yana yi masa faɗa a hanya cewa ya cika nawa. Yanzu kuwa ba wasa a ciki, in Baba bai murɗa ba gari ba ya sha. In ya makara, mata su zauna a kan jarkokinsu su jira, in wata baƙuwa ta yi tsaki a ce mata haka ruwan garin nan yake.

Sai dai ciwon bai san an yi taro ba. Yana ta cin gaba. Kafin ƙarshen wata Baba ya daina kiran sunana ko bayan an buɗe ruwa. Na ɓoye wa Yaya wannan.

Yaya ya iso da yamma, ya kwana, da safe ya sa jakar Baba a bayan mota. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bari a buɗe ruwan yau, ya gani da idonsa. Ya dubi agogo ya ce to. Muka hau tudu mu huɗu, Dogo da sitiyari a kafaɗa, Yaya yana riƙe da gwiwar hannun Baba kamar za a ƙwace masa shi. Daga gindin tanki ana hango famfon layin farko. Mutane sun fi na kullum yawa, don an ga motar, an kuma san abin da ta zo yi.

Dogo ya ɗaura sitiyari, ya ɗaure noti, ya miƙa wa Baba tsumma, ya ja da baya. Baba ya karɓi tsumman ya juya shi a hannu. Ya dubi ƙarfen. Ya ɗaga kai ya dubi tanki, ya sake duban ƙarfen, irin kallon da mutum ke yi wa baƙon da ya gaishe shi da suna. Duk safiyar duniya bai zaɓi wadda zai manta ba sai wannan.

Ba wanda ya motsa. Dogo ya sa hannuwansa a aljihu don kada su yi abin da suka saba. Baba ya hango taron, ya juyo gare ni.

“Yarinya, me mutanen can suke jira?”

“Ruwa suke jira, Baba.”

“To ina mai buɗewa? A kira shi mana. Ga mata da goyo a tsaye cikin rana, wannan ai ba daidai ba ne.”

Na juya baya don kada ya ga fuskata, na san kuma shi ke nan, Yaya ya ga abin da ya zo nema. Sai na ji motsi. Yaya ne ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya matsa kusa da ƙarfen.

“Baba, ni aka turo,” in ji shi. “Sabo ne ni, ban iya ba. Ko za ka taimaka mini?”

Baba ya dube shi sama da ƙasa. “Ni ma ban iya ba, ɗan nan. Amma kawo mu gwada, kada a bar su haka.”

Suka kama tare. Yaya ya ja ta hagu da ƙarfi irin na wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba, ƙarfen ya ƙi. Hannuwan Baba kuwa suka zame da kansu zuwa inda suka saba kamawa, wurin da fenti ya goge, suka ɗan mayar baya kaɗan sannan suka tura. Sitiyari ya yi ƙara ya juya. Muka ji ruwa ya faɗa bututu, ya gangara, can ƙasa famfo ya yi tari ya fara zuba. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce sannu da aiki, sauran suka amsa.

Baba ya tsaya yana kallon su, yana haki kaɗan, fuskarsa cike da jin daɗi. Ya miƙa wa Yaya tsumman ya goge hannu.

“Ka ga yadda suka yi murna?” in ji shi. “Wanda yake yi musu wannan kullum, ko wane ne, mutumin kirki ne. In ka koma ofis ka faɗa musu su riƙe shi da kyau, kada su bari ya tafi.”

Yaya ya daɗe yana goge hannun da ba abin da ya taɓa shi sai ɗan mai. Bai dube ni ba.

“Zan faɗa musu, Baba,” in ji shi. “Ba inda za shi.”